Baƙi Biyu a Ƙirjin Baba Sini

Abin da na fara gani ranar da muka iso gidanmu na unguwar Balad a Jidda shi ne kujeru. 'Yan kujerun tsugunno ne na katako, irin waɗanda mata ke zama a kai su yi wanke-wanke. Akwai ɗaya a kowace kwanar matakala, an jingina ta da bango, kuma an ɗaure ƙafar kowace da igiya a jikin ƙusa. Ina 'yar shekara goma a lokacin. Daga Zariya muka taho ni da Umma, Abba yana gaba da akwatinmu a kafaɗa, don shi ya riga mu zuwa Jidda yana ɗinki a kasuwa. Na so in tambayi dalilin kujerun, amma ni ba mai tambaya ba ce. Sai na ci gaba da kallo.

Muna cikin hawa muka tarar da mai kujerun. Tsoho ne siriri da 'yar farar hula, gemunsa kamar an ƙirga masa gashin aka ba shi. Yana zaune ya dafa gwiwoyinsa, kafaɗunsa suna hawa suna sauka, wani ɗan fito yana fita daga ƙirjinsa irin na buta in ta kusa tafasa.

"Baba, ana hutawa?" in ji Abba.

"Ba hutawa nake ba," ya ce da Hausa tsaf. "Gini nake dubawa."

Ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa bango, ya kasa kunne, ya gyaɗa kai.

"Nan lafiya lau. Ku wuce."

Ku da kuka zauna a gidan nan kun san abin da nake faɗa. Shekara biyar na san Baba Sini, ban taɓa jin ya ce ya gaji ba. Gini yake dubawa. Ban jin akwai wani gida a duk Jidda da aka duba kamar namu. Ɗakinsa yana can sutuh, wato saman rufin gidan, kuma duk shekarun nan magana ɗaya ce a bakin manya: yadda za a sauko da shi ƙasa kafin matakalar nan ta gama da shi.

Sunansa na gaskiya Ma Yusuf. Ma ɗin sunan gidansu ne a ƙasar Sin, su kuma a gaba suke sa shi. Abba ya ce ranar da suka fara haɗuwa, ya miƙa masa hannu ya ce, "Ni Garba."

"Ni Ma Yusuf," in ji tsohon.

"A'a, Garba na ce."

"Ni Ma Yusuf."

"Baba, kai kaɗai ne Yusuf a nan."

Sai da Hajiya Falmata ta leƙo daga ɗakinta ta raba su. Don a huta da wannan ne kowa ya koma ce masa Baba Sini.

Hajiya Falmata 'yar Cadi ce, ita ce mai ɗakin ƙasa na bakin ƙofa, kuma ita ce mai turaren wuta da duk amaren unguwar suka sani. Tun kafin a haife ni Baba Sini ya zo aikin Hajji bai koma ba. Mijin Hajiya, marigayi Malam Abakar, shi ya tsince shi a bakin kasuwa da jaka ɗaya, ba Larabci ba takarda, ya kawo shi gida. Suka raba ɗakinsu da labule suka ba shi gefe, har ya samu kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙo a takarda, ya kama ɗakin sama. A bakin Hajiya da ƙawayenta ya koyi Hausa, shi ya sa kowa "ke" ne a wurinsa. Ke Garba. Ke mai ruwa. Har limamin masallacinmu, mutumin Damagaram mai gemu har ƙirji, ke ce. Liman ya taɓa gyara masa a gaban mutane, ya ce namiji "kai" ake ce masa.

"A garinmu kalma ɗaya ta ishi kowa," in ji Baba Sini. "Ke ce mai almubazzaranci."

Liman bai sake tada maganar ba.

Sana'arsa taliya ce, amma ba irin tamu ta murji da inji ba. Da hannu yake ja. Zai ɗauki curin ƙullu ya miƙa shi iya faɗin hannuwansa, ya ninka, ya sake miƙawa, ya buga a kan tebur, kafin ki ƙifta ido ya zama zare-zare kamar gashin doki. Yakan ɗaure hanci da baki da jiƙaƙƙen ƙyalle saboda ƙurar fulawa. Masu gidajen abinci biyu suna karɓa, sauran kuma matan gidan ne ke saya. Doka ɗaya ce da shi: ba a karya taliya. Ya ce a wurinsu tsawon taliya tsawon rai ne.

Umma ba ta san dokar ba. Ranar da ta fara saya, yana tsaye a ƙofarmu yana jira a juye masa farantinsa, ta kama busasshiyar taliyar ta karya ta biyu, ta sake haɗawa ta karya huɗu, ta watsa a tukunya. Baba Sini ya nemi kujerarsa ta kwana ya zauna.

"Lafiya, Baba?" in ji Umma.

"Ke Asabe, me na yi miki?"

"Ai tukunyar ce ƙarama."

Washegari da safe muka tarar da babbar tukunya a ƙofarmu. Bai ce kyauta ba ce. Ya ce aro ne, kuma kowane wata yana tambayar lafiyarta.

Labarin baƙinsa biyu kuwa a gabana aka yi. Kunnena ne ya yi ciwo, Abba zai kai ni mustausaf, ƙaramin asibitin bayan kasuwa, sai ya yi wa Baba Sini wayo ya ce ya raka mu, wai ya fi shi sanin hanya. Da muka je aka duba kunnena cikin minti kaɗan, sannan Abba ya tura tsohon gaban likita. Likitan Bamisire ne mai saurin magana, Larabcin Baba kuma na salla ne da na ciniki, don haka Abba ya zama tafinta.

Likita ya ba shi wani bututu ya ce ya hura iya ƙarfinsa. Ya hura. Aka fesa masa magani a baki, aka jira, aka ce ya sake hurawa. Likita ya duba takardar da injin ya fitar ya ce ciwo biyu ne. Ya ce da asma ce kaɗai, da bayan feshin hanyar iska ta buɗe duka. Shi kuwa ta buɗe rabi ta tsaya, alamar akwai wani ciwon a ƙarƙashi, irin wanda hayaƙin shekaru yake ci wa huhu, kuma abin da ya ci ba ya dawowa.

Baba Sini ya saurari fassarar har ƙarshe.

"Na farkon na san shi," ya ce. "Tare aka haife mu, shi ne mai fito. Wannan mai iƙama ne, takardunsa na zaman ƙasa sun cika. Na biyun fa, yaushe ya shigo?"

Likita ya tambaye shi ko ya sha taba. Ya ce ya sha tun yana saurayi, sai da ya zo Makka ya bari. Ya tambaye shi da me suke jin ɗumi a garinsu. Ya ce ƙasarsu ƙasar sanyi ce, gadonsu na ƙasa ne, a ƙarƙashinsa ake hura kwal, a kulle ƙofa a kwana. Likita ya buɗe hannuwa biyu, alamar ga amsa nan.

"To, wannan ɗan umra ne," in ji Baba Sini. "Ya zo ziyara ya ƙi tafiya. Ke Garba, tambayi likita, ba a yi masa tarhil?"

Abba ya tambaya ko za a iya korar ciwon gaba ɗaya, yadda ake kwashe marasa takarda a mayar da su ƙasarsu. Likita ya yi dariya ya ce wannan ba ya koruwa, sai dai a hana shi faɗaɗa ɗaki.

"Shi ke nan," in ji Baba Sini. "Ni ma haka na zo. Ba zan ga laifinsa ba."

Tun daga ranar haka ake gaishe shi a gidan. Baba, yau wa ke gida? In fito ne, ya ce Mai Iƙama. In tari ne na safe mai kaki, ya ce Ɗan Umra. In abin ya haɗu, sai ya ɗaga yatsu biyu ya ce, "Suna taro." Ni ban taɓa tambayarsa ba. Daga ɗakinmu nake ganewa, tun kafin ya iso kwanarmu.

Likitan ya rubuta masa bakhakh guda biyu, abin nan da ake fesawa a baki. Shuɗi na lokacin da numfashi ya ɗaure, mai ruwan ƙasa kuma na kullum, safe da yamma, ko da lafiya. Shuɗin ya samu daraja, a aljihun gaba yake kwana. In ya ƙare ba ya yar da shi, sai ya riƙa girgiza shi a kunne kamar mai sayen ƙwai, ya ce akwai saura. Mai ruwan ƙasan kuwa yana kan taga cikin kwalinsa.

"Na fesa shi sau uku," ya ce wa Abba. "Ban ga ya yi komai ba."

"Baba, ai shi a hankali yake aiki. Kamar salla ne, kullum ake yi, ba sai ranar da aka shiga uku ba."

"Salla kyauta ce, ke Garba."

Umma ce ta yi maganinsa. Wata safiya yana zaune a kwanarmu yana duba gini, ta fito da taliyarsa a hannu, ta riƙe ta baki da baki kamar za ta karya rake.

"Baba, an fesa mai ruwan ƙasa yau?"

Ya dubi taliyar. Ya dubi Umma.

"Ke ba ki da tsoron Allah."

"An fesa?"

Ya tashi ya koma sama. Daga ranar, kowace safiya in ina sa hijabin makaranta, sai in ji shi ya leƙo ta saman matakala ya fesa da ƙarfi yadda za a ji, sannan ya ce, "A gaya wa Asabe."

Lokacin Hajji wasu tsofaffi 'yan ƙasarsu sukan ji labarinsa su zo cin taliya. Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da kowace kujera da tsohonta, fararen huluna daga ƙasa har sama, kowa ya dafa gwiwa yana tari. Ɗaya ya fara, na sama ya karɓa, har ta kai sutuh. Abba ya tambayi Baba Sini ko duk mutanensu haka suke.

"A garinmu in tsoho ya kwana bai yi tari ba, ana zuwa a duba ko ya mutu," ya ce.

To, shekaru suka tafi, kujeru suka ƙaru. Da a kwana kawai suke, sai ga wata a tsakiyar matakala, sai ga wata. Babu wanda ya ga lokacin da yake kawo su. Taliyar ma ta fara kauri, domin ba ya iya ja da ninkawa kamar da, yakan tsaya a tsakiya ya dafa tebur. Masu saye ba su lura ba. Ni na lura, don ni nake zuwa karɓo wa Umma.

Akwai ɗaki a ƙasa, jikin na Hajiya Falmata, wanda mai gida yake ajiye tarkace. Abba ya yi ta zirga-zirga har aka yarda a ba Baba Sini a kuɗin da yake biya a sama. Aka kwashe tarkace, Umma ta wanke, Hajiya ta turare shi kwana uku a jere don ya yi ƙamshin mutane. Sannan maza suka hau suka same shi.

"Baba, ka dawo ƙasa."

"Ƙasa tana jirana ai. Ba sai na kai mata kaina ba."

Wata rana ya ce taliya ba ta bushewa sai a sama. Wata rana ya ce daga can yake gane alƙibla. Liman ya zo da kansa ya yi masa nasiha a kan kula da lafiya, ya kawo aya ya kawo hadisi. Baba Sini ya ce, "Kin yi gaskiya," ya ba shi taliya, ya raka shi bakin matakala. Kowa ya ce taurin kai ne na tsufa.

Ni kuma akwai abin da na daɗe ina gani. Duk kujerun nan, babu ko ɗaya a ƙasa. In ya shigo daga waje, nan ne ya fi buƙatar zama, amma nan ne yake sauri. Zai ja numfashi tun daga bakin titi, ya wuce ƙofar Hajiya baki a rufe yana ɗaga mata hannu, sai ya kai kwana ta farko ya zube a kujera, Mai Iƙama yana fito kamar an taka shi. Ranar da Hajiya take haɗa turare, tana soya itace da sukari da miski hayaƙi yana bin matakala, ranar ba ya saukowa ko masallaci.

Kuma kowace Juma'a Hajiya tana aika masa da turare a 'yar kwalba, kyauta, tun zamanin Malam Abakar. In ta ji tarinsa ya yi yawa, sai ta ƙara da habbatus sauda ta ce a gaya masa ya shaƙi hayaƙin sosai, yana buɗe ƙirji. Kullum amsarsa ɗaya ce: a ce mata ya gode, ƙamshi ya yi.

Wata rana ina jiran ya ɗaure mini taliya, idona ya kai ƙarƙashin gadonsa. Kwalabe ne jere, layi bayan layi, har bango. Kowace cike take, kuma an liƙe bakin murfinta da ƙullun fulawa ya bushe. Ya ga inda nake kallo.

"Ke Shiru," haka yake kirana, "idonki ya fi bakinki surutu."

Na mayar da idona kan taliyar.

"Mutum ya raba ɗakinsa ya ba ki rabi," ya ce yana ɗaure ledar. "Sai ki ce masa me? Abin da kike ci da shi yana shaƙe ni?"

Ya miƙo mini taliyar ya ce in gaida tukunyarsa.

Ba a yi wata biyu ba abin ya faru. Wata Juma'a ce, ya samu ya lallaɓa masallaci. Hajiya ta ji tarinsa kwana biyu bai yi mata daɗi ba, sai ta ce tunda shi ba ya yi da kyau, bari ta yi masa da kanta. Ta hau da kaskonta, duk da ciwon gwiwa, ta turare ɗakin da shimfiɗa da kayan sawa, ta ja taga ta rufe ƙofa don kada ƙamshin ya tsere.

Bayan la'asar Umma ta aike ni sama. Na same shi zaune a bakin ƙofa, shuɗin bakhakh a hannunsa, leɓensa ya yi duhu. Kafaɗunsa suna aiki amma babu fito. Wannan shirun ne ya ba ni tsoro, don ban taɓa jin ƙirjinsa ba sauti ba. Na sauka da gudu na kama hannun Abba na ja shi. Maza huɗu suka ɗora shi a kujera suka sauko da shi. A kwana ta biyu, ido a rufe, ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa bango.

Ya yi kwanaki a babban asibiti da abin iska a hanci. Da aka sallame shi, likita ya gaya wa Abba ƙarara cewa matakala ta ƙare masa. Aka kawo shi gida a tasi, ga ɗakin ƙasa a buɗe, Hajiya ta sake turare shi don tarba. Baba Sini ya yi mata godiya, ya rufe baki, ya kama hawa. Bai kai sama ba sai bayan magariba.

A ɗakinmu manya suka yi ta lissafi. Abba ya ce ƙurar fulawa ce ta kayar da shi. Hajiya ta ce iskar teku ce, kuma daga yanzu sau biyu a mako za ta riƙa turare masa ɗaki. Da suka watse, Umma tana kwashe kwanuka, na matsa kusa da ita na gaya mata a kunne. Na gaya mata maganar kujerar da babu a ƙasa, da kwalaben ƙarƙashin gado.

Umma mutuniyar kirki ce, amma ba a halicce ta da raɗa ba. Kafin in ajiye numfashi tana bakin matakala.

"Hajiya! Ashe turarenki ne yake kashe tsohon nan."

Da safe Hajiya Falmata ta hau sama. Ta zauna a kowace kujera, ta ƙi kallon kowa, mu kuma duk gidan muna biye a baya kamar rakiyar amarya. Ta same shi a kan gado yana shan ruwan zafi.

"Yusufu." In ta kira shi haka, kowa ya san babu wasa. "Shekara nawa ina shaƙe ka kana ce mini ka gode?"

"Ke Falmata, zauna."

"Ba zan zauna ba. Baki gare ka ko ba ka da shi?"

"Wasu da wari suke kashe mutum," ya ce. "Ke da ƙamshi kike yi. Ai dole a gode."

Wani a bayana ya yi dariya ya mayar da ita tari. Hajiya ta sunkuya da ƙyar ta ɗaga zanen gado. Ta daɗe tana kallon kwalaben. Akwai waɗanda takardar jikinsu rubutun Malam Abakar ne.

"Waɗannan fa? Shago za ka buɗe ka kashe mini kasuwa?"

"Ajiya ce. Akwai ranar da hayaƙi ba zai dame ni ba. Ranar ki ƙona duka."

Hajiya ta saki zanen. Ta goge hanci da bakin mayafi, ta ce ƙurar fulawarsa ce ta shiga mata ido.

"Allah ya shirye ka," ta ce. "Kwashe komatsanka. Sama tawa ce daga yau."

Haka aka yi musanya. Kasko da itace da tukunyar suyar turare suka koma sutuh, aka wanke ɗakunan ƙasa da ruwa da sabulu, aka bar tagogi a buɗe mako guda. Hajiya ta ci gaba da kwana a ɗakinta, amma da safe take hawa aiki, kuma kafin ta sauko sai ta canza mayafi. Baba Sini ya sauko a kan ƙafarsa, ya duba gini a hanya kamar kullum, ya ce na bankwana ne. Aka ce a kwance kujerun a kawo masa, ya ce a bar su, akwai mai buƙata. Kwana biyu bayan haka na dawo daga makaranta na tarar da Hajiya a kwana ta biyu, ta dafa gwiwa tana haki. Na gaishe ta da ido. Ta harare ni, ta miƙa hannu ta ƙwanƙwasa bango.

Ya fi shekara a ɗakin ƙasa. Bai taɓa yabonsa ba. Ya ce babu abin dubawa, don haka ya ajiye kujera a ƙofar gida yana duba masu wucewa. Mai Iƙama ya yi sauƙi sosai, wani lokacin sai a yi mako ba a ji fitonsa ba, har Baba ya ce yana zargin ya samu wani kafilin. Ɗan Umra ne bai saurara ba. Taliya ta yi ta kauri har ta kai kamar ɗan yatsana, sannan wata rana ya ɗaure buhun fulawar ya ce Umma ta ɗauka. Ya ce tukunyar ma ta riƙe, amma har yanzu aro ce.

Watan jiya mura ta kama shi, ta sauka ƙirji. Abba ne yake wurinsa a asibiti. Ya ce ranar ƙarshe tsohon ya janye abin iskar daga bakinsa, ya yafito shi da hannu.

"Ke Garba," ya ce, "an zo tarhil. Mu uku za a kwashe."

Abba ya ce ya yi dariya, ya mayar masa da abin iskar, ya riƙe hannunsa yana maimaita masa kalmar shahada, yana bi da leɓe.

Allah ya jiƙan Ma Yusuf, ya sa ya huta hutun da bai taɓa yarda yana yi ba. Ya yalwata masa kabarinsa, ya sanya masa iska mai sanyi a ciki, ya haɗa shi da Malam Abakar a ɗakin da ba a raba shi da labule.

Kafin a tafi wurin wanka, Abba ya kawo likkafanin gida don a turare shi. Yara suka fito da kwalaben daga ƙarƙashin gado, suka jera su a tsakar gida, sun kusa cika tabarma. Hajiya Falmata ta sauko da kaskonta, karo na farko tun ranar musanya. Garwashi ya kama, Umma da wata mata suka ware farin ƙyallen suka riƙe a sama. Hajiya ta ɗauki kwalba ɗaya, ta sa farce a kan busasshen ƙullun, sai ta tsaya. Ta juya ta dubi ƙofar ɗakinsa, yadda ta saba yi in za ta wuce da kasko. Garwashi yana ta cin kansa, maza suna jira a waje.

Tun da na zo gidan nan ban taɓa fara yi wa Hajiya magana ba, sai dai ta tambaya in amsa. Na tashi na je na durƙusa a gefenta.

"Hajiya," na ce, "don Allah ki zuba masa da yawa. Yau ba zai yi tari ba."